Odaw: Ƙaramin Kogin da Ya Gagari Birnin Akra

In ana lissafin kogunan ƙasar Gana, ba kasafai ake tunawa da Odaw ba. Volta ake fara ambata saboda madatsar Akosombo, sai Pra da Ankobra da Tano, waɗanda suka ratsa dazuzzukan koko da ramukan zinariya. Shi kuwa Odaw tsawonsa duka bai wuce kimanin kilomita 30 ba, mai ƙarfin ƙafa zai iya binsa daga tushe har teku cikin yini guda. Da rani akwai wuraren da ruwansa ba ya kai wa yaro gwiwa. Amma wannan ɗan kogi da rassansa su ke kwashe ruwan kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwaryar birnin Akra, kuma a gaɓarsa ne mutum fiye da 150 suka hallaka a dare ɗaya a shekarar 2015. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace ta yi alkawarin gyara shi, an kashe miliyoyin daloli, amma har yau da zarar hadari ya haɗo a watan Yuni sai hankalin mazauna unguwannin Alajo da Nima da Adabraka ya tashi. Ta yaya kogi ƙarami haka ya zame wa babban birnin ƙasa alaƙaƙai? Amsar tana cikin hanyar da yake bi, da kuma abin da mutane suka yi wa hanyar.

Daga tsaunin Akwapim zuwa teku

Odaw yana farowa ne daga jerin tsaunukan Akwapim, arewa da Akra, wajen Berekuso da Aburi, inda tudu ya kai mita 400 bisa fuskar teku. Wannan yanki ma ba ya cikin jihar Akra, a Jihar Gabas yake. Ƙananan ƙoramu, ciki har da wadda ake kira Dakobi, suna gangarowa daga duwatsun da sauri, su haɗu a filin da ke gindin tsauni, wajen Abokobi da Ashongman. Daga nan kogin ya nufi kudu, ya bi ta Haatso da harabar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a Kwabenya, ya wuce yamma da tudun Jami'ar Legon, ya shiga Achimota.

Daga Achimota zuwa ƙasa kogin ya zama na cikin gari sosai. Layin dogo na Akra zuwa Kumasi, wanda aka kammala a 1923, yana bin kwarin nan kafaɗa da kafaɗa da shi, domin injiniyoyin jirgin ƙasa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke nema, kogi kuwa ya riga ya share musu ita. A Alajo ya karɓi babban reshensa, Onyasia, wanda ke zuwa daga wajen Legon ta Dzorwulu, inda masu lambu ke ɗibar ruwansa suna noman latas da kabeji da albasa mai lawashi. Unguwar Alajo tana tsakanin ruwayen biyu ne, shi ya sa take cikin masu fara shan ambaliya. Gaba kaɗan, dab da shataletalen Kwame Nkrumah wanda kowa ke kira Circle, sai rafin Nima ya shigo daga gabas, bayan ya ratsa Maamobi da Nima da Asylum Down. A wannan sashe babu sauran gaɓar ƙasa ko ciyawa: an zuba kankare a ƙasa da gefe, kogin ya koma ƙatuwar kwata. Da yawa daga matasan Akra ba su ma san kogi ne ba, lambatu suka ɗauke shi.

Bayan Circle ya bi ta unguwar masana'antu, ya wuce ƙarƙashin gadar titin Graphic, ya ratsa tsakanin Agbogbloshie da Old Fadama, sannan ya zube cikin tafkin Korle. Magudanar Kaneshie ita ma a nan take zubowa daga yamma. Daga tafkin ne ruwan ke fita ta wata 'yar ƙofa ƙarƙashin gada ya shiga Tekun Atlantika, tsakanin Jamestown da Korle Gonno. Faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin Odaw ya kai murabba'in kilomita 270 ko kusa da haka.

Abin lura a wannan tafiya shi ne yadda gangarar ta rabu gida biyu. A 'yan kilomitocin farko ruwan yana faɗowa daga tsayin ɗaruruwan mitoci. A kilomitocin ƙarshe kuwa, daga Circle zuwa teku, ƙasar kusan a shimfiɗe take, tsayinta bai wuce 'yan mitoci bisa fuskar teku ba. Ke nan ruwa yana zuwa da gudu daga sama, ya iso inda babu gangarar da za ta tura shi gaba. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ruwa mai gudu yana ɗauke da yashi da laka, da zarar gudunsa ya ragu sai ya sauke su. Saboda haka cikewar ƙasan Odaw da yashi ba wani sabon abu ba ne da mutane suka jawo, halin kogin ne tun fil azal. Abin da mutane suka yi shi ne ninka yawan yashin da kuma toshe wuraren da a da yake bazuwa.

Tafkin Korle da bakin da ke toshewa

Gaɓar tekun Gana cike take da irin waɗannan tafkuna na bakin teku: Keta, Songor, Sakumo, Kpeshie, Muni da sauransu. Yadda suke samuwa iri ɗaya ne. Igiyar ruwa tana bugun gaɓa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana. Babban kogi yana da ƙarfin da zai ture yashin ya buɗe wa kansa hanya. Ƙaramin kogi ba shi da wannan ƙarfi, musamman da rani, don haka yashi yakan yi masa shinge a baki, ruwansa ya taru a baya ya zama tafki. Sai damina ta yi ƙarfi ruwa ya fasa shingen, ko mutane su fasa da hannu. Ga kuma cikar teku da janyewarsa sau biyu a yini, wanda a wannan gaɓa bambancinsa yakan kai kimanin mita ɗaya. In ruwan sama mai ƙarfi ya dace da lokacin cikar teku, ruwan kogi ba ya samun mafita, sai ya ja da baya ya cika unguwanni.

A da tafkin Korle da dausayin da ke kewaye da shi su ne ma'ajiyar wannan rarar ruwa. Akwai itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, akwai ciyayi da taɓo, ruwa yakan bazu a cikinsu ya jira teku ya janye. Ƙabilar Ga, waɗanda su ne 'yan asalin Akra, suna kama karfasa da ƙaguwa a ciki har zuwa wajen shekarun 1950. A addininsu na gargajiya tafkin yana da abin bauta mai suna Naa Korle, kuma mai kula da shi, Korle Wulomo, yana cikin manyan shugabannin tsafin Ga guda uku, tare da na Nai da na Sakumo. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, ya kamata ya lura da abin da ta haifar: akwai lokutan da aka hana kamun kifi, akwai abubuwan da ba a zubawa a ruwan, akwai kuma wanda ake jin tsoron saɓa wa maganarsa. Tafkin yana da mai shi.

Turawan Ingila sun mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. A idonsu dausayin Korle matattarar sauro ce kawai, abin da ya kamata a cike ko a busar. A 1923 Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a yammacin tafkin, gari ya fara tsallakawa ɗaya gefen. Bayan samun 'yancin kai a 1957 aka ci gaba da cike gefen tafkin ana kafa masana'antu, kuma kowace masana'anta bututun dattinta cikin ruwan ya nufa. Sannu a hankali kifi ya ƙare, ruwan ya yi baƙi, warinsa ya zama abin da ake kwatance da shi. Kusa da bakinsa, a wurin da ake yi wa ba'a da sunan Lavender Hill, motocin kwasar masai sun shafe shekaru suna juye kayansu kai-tsaye cikin teku, kafin a gina wurin tacewa a tsakiyar shekarun 2010.

Ruwan sama kaɗan, ambaliya da yawa

Wanda bai san Akra ba zai zaci gari ne mai yawan ruwan sama, tunda a bakin teku yake. Ba haka ba ne. Abin da ke sauka a shekara bai wuce milimita 800 ba, wato kusan daidai da na Kano, alhali Axim da ke yammacin gaɓar ƙasar tana samun fiye da milimita 2,000. Dalili kuwa shi ne gaɓar Akra ta miƙe ne kusan a jere da iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma, iskar tana shafar ta ta wuce maimakon ta hau kanta. Sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku ya hana hadari haɗuwa. Wannan ne ya sa filin Akra ciyawa ce da sarƙaƙƙiya, ba kurmi ba.

Damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Matsalar ba yawan ruwan shekara ba ce, yadda yake zuwa ne. Kaso mai tsoka yakan sauka cikin 'yan kwanaki, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya daidai yake da tan 1,000 na ruwa. In aka yi ruwa mai milimita 100 a kan faɗin kwarin Odaw gaba ɗaya, tan miliyan 27 ke nan. A ce ƙasa da ciyayi sun shanye kashi huɗu cikin biyar, abin da zai gangara tan miliyan biyar ne da ɗoriya, kuma a hankali zai zo. A ce kuma rufin kwano da kwalta da daɓen siminti sun hana ƙasa sha, kashi 70 cikin 100 ya gangara, abin ya doshi tan miliyan 19, kuma a tare zai iso. Hadarin bai canza ba, kogin bai canza ba, amma ruwan da za a tura ta ƙofa ɗaya ya ninka fiye da sau uku.

Abin da ya faru da kwarin Odaw ke nan cikin shekaru arba'in. Ƙidayar 1984 ta samu mutum miliyan 1.4 a jihar Akra. A 2000 sun kai miliyan 2.9, a 2010 miliyan 4, a 2021 kuma sun haura miliyan 5.4. Yawancin wannan ƙari ba a tsakiyar gari ya zauna ba, arewa ya nufa, wato saman kogin. Ashongman da Haatso da Agbogba da Kwabenya, waɗanda a da gonaki ne da daji, yanzu gidaje ne har kan gangaren tsauni. Mai hali in ya gina gida sai ya zagaye shi da katanga, ya daɓe tsakar gidan da siminti ko tayil har bakin ƙofa, ya huda bango ya sako ruwan kan titi. Titunan sababbin unguwanni da yawa ba kwalta, ba magudana, kowane ruwa aka yi sai ya kwashi jar ƙasa ya gangara da ita. Ga masu fasa dutse da masu share fuloti a jikin tsauni. Ko dajin Achimota, wanda aka keɓe tun 1930 kuma shi ne babban sauran kurmin da ke cikin kwarin, sai da aka yi ta cece-kuce a 2022 lokacin da gwamnati ta fitar da wani sashensa daga cikin keɓaɓɓen daji.

Su wa ke zaune a gaɓa

Inda ruwa ke kwanciya nan fili ke da araha, inda fili ke da araha nan baƙo da talaka ke sauka. Shi ya sa tarihin zangunan Akra ya sarƙe da na Odaw. Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1910 bayan ya tashi daga tsohon zangon tsakiyar gari, yana yamma da tafkin Korle ne. Nima ta faro a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani mai fataucin shanu, ya samu izinin zama daga iyalan Ga masu ƙasar. A lokacin wurin yana bayan iyakar birni, don haka hukuma ba ta tsara shi ba, ba ta ja masa tituna ko magudanai ba. Yau Nima da Maamobi suna cikin unguwanni mafi cunkoso a ƙasar, Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci, kuma babbar kwatar da ta ratsa su ba wani abu ba ce illa rafin Nima da aka matse.

Labarin Old Fadama ya fi kowanne ɗaci. A farkon shekarun 1960, zamanin Kwame Nkrumah, gwamnati ta karɓi filayen gefen tafkin, aka tashi mazauna wurin aka kai su New Fadama, wajen Abeka, unguwar da a yau Babban Limamin Gana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, yake zaune. Filin da aka tashe su ba a yi abin kirki da shi ba. Daga shekarun 1980 mutane suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. A 1991, da ake share titunan birni don taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, hukuma da kanta ta kwaso masu talla da 'yan tireda ta zube su a nan. A 1994 rikicin Konkomba da Nanumba da Dagomba a arewacin ƙasar ya koro dubban mutane, da yawansu nan suka sauka kusa da kasuwar doya. Suka riƙa cike taɓo da ɗusar katako da shara suna kafa ɗakunan katako a kai. Ƙidayar da mazaunan suka yi wa kansu a 2009 ta samu mutum kusan 80,000 a fili mai hekta 31. Wasu mutanen gari sun laƙaba wa unguwar sunan biranen mutanen Annabi Luɗu, sunan da mazaunanta ke jin zafinsa, kuma da gaskiyarsu: 'yan mata masu dakon kaya a ka, da leburori, da masu gadi, da masu sayar da abinci da birnin ke dogara da su, a nan suke kwana.

Tsallaken ruwan kuma Agbogbloshie ce, wadda har zuwa 2021 take da kasuwar albasar da tireloli ke kawowa daga Nijar, inda fataken Hausawa da Zabarmawa suka daɗe suna hada-hada. A gefenta ne a lokacin 'yan gwangwan ke farfasa tsofaffin kwamfutoci da firji, suna ƙona waya don su ciro tagulla. Tokar da gubar dalma suna shiga ƙasa, ruwa ya wanke su cikin kogi. A 2013 wasu ƙungiyoyin kare muhalli biyu, Blacksmith Institute da Green Cross ta Suwizalan, suka sanya wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya.

Daren 3 ga Yuni

Akra ta sha ambaliya a 1995 da 2001 da 2011, amma ta ranar 3 ga Yunin 2015 ita ce ba a mantawa. Ruwan da ya sauka a ranar ya haura milimita 200, wato kusan rubu'in ruwan shekara guda. Odaw ya tumbatsa a Circle, daidai inda rafin Nima ke shigowa, kuma daidai lokacin da dubban mutane ke neman motar komawa gida. Jama'a suka fake a wani gidan mai na kamfanin GOIL. Man fetur ya malalo ya hau kan ruwa, wuta ta kama, ta bi ruwan. Tsakanin wuta da nutsewa mutum fiye da 150 suka rasu. Shugaba John Mahama ya ayyana makokin kwana uku. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna abin ya shafi mutum kusan 53,000, ɓarnar dukiya kuma ta kai dala miliyan 55.

Ba a yi mako uku ba, ranar 20 ga Yuni, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, hukumar birni ta tura motocin rusau Old Fadama, aka baje dubban ɗakuna da ke bakin ruwa. Hujjar ita ce sun toshe hanyar ruwa.

Ina gizo ke saƙa?

Bayani huɗu ake yawan ji game da ambaliyar Odaw, kuma kowanne yana da rabonsa na gaskiya.

Na farko shi ne shara. Duk wanda ya leƙa kogin daga gadar Circle zai ga ledojin fiya-wata da robobi da takeyawe sun rufe fuskar ruwa. Akwai masu jiran a fara ruwa su juye bolarsu a kwata, ba a musun wannan. Shara tana toshe ƙananan magudanai da ƙarƙashin gadoji. Sai dai masu yasar kogin sun san cewa mafi yawan abin da suke tonowa yashi ne da laka, leda a sama take yawo shi ya sa ido ya fi ganinta. Kuma unguwar da motar shara ba ta iya shiga lungunanta, wa'azi kaɗai ba zai tsaftace ta ba.

Na biyu shi ne masu gini a kan hanyar ruwa. Wannan ma gaskiya ne: Old Fadama ta ci wani sashe na tafkin, ta rage masa ciki. Amma ruwan da ya kashe mutane a Circle daga sama ya zo, daga unguwannin da ke da takardun fili da izinin gini. Ba 'yan ɗakin katako kaɗai ne suka hau hanyar ruwa ba, akwai ma'ajiyoyin kaya da gidajen mai da majami'u da benaye, amma ba kasafai motar rusau ke isa gare su ba. In an rushe na ƙasa an bar na sama, an bar jaki ne ana dukan taiki. Rusau ba tare da an tanadi wurin komawa ba kuwa, sakamakonsa sananne ne: mutane su dawo bayan wata biyu, ko su koma bakin wani rafin. A Yulin 2021 an baje filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku a bayan gari. Hayaƙi ya ragu a wurin, amma sana'ar ƙona waya warwatsuwa ta yi cikin unguwanni, kuma Odaw bai daina cika ba.

Na uku shi ne rashin yasa. Tun wajen shekarar 2000 aka fara babban aikin farfaɗo da tafkin Korle da rancen Asusun Kuwait da Bankin Larabawa na Raya Afirka da Asusun OPEC. An yashe tafkin, an gina shingen tare ƙazamin ruwa da injinan tura shi teku. Ba a jima ba yashi ya dawo, shara ta cushe shingen. Bayan 2015 aka sake yasa, aka kuma sakewa. Yasa dole ce, domin mun ga kogin da kansa mai tara yashi ne. Amma aikin kowace shekara ne kamar sharar gida, ba aikin da za a yanke ƙyalle a buɗe a tafi ba. Kuma in an tara abin da aka tono a bakin ruwa aka bar shi, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Na huɗu shi ne sauyin yanayi. Masana sun yi ittifaƙi cewa iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, don haka ruwa mai ƙarfi zai ƙaru, kuma fuskar teku tana hawa, abin da zai ƙara danne bakin Korle. Wannan dalili ne na ƙara shiri, ba na wanke hannu ba. Sauyin yanayi bai sa hannu a takardar izinin gini a dausayi ba.

Akwai dalili na biyar da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne uwa: kogin ba shi da mai shi. Tushensa yana wata jiha, jikinsa ya ratsa ƙananan hukumomi da dama, Ga East da Okaikwei North da Ayawaso da Korle Klottey da hukumar birnin Akra kanta, waɗanda aka ƙara rarraba su a 2018. Filaye kuma a hannun sarakuna da iyalai suke, su ke sayarwa. Hukumar da ta ba da izinin gini a Ashongman ba ita ke kwasar gawa a Adabraka ba. Gana tana da manufa tun 2011 wadda ta ce a bar tazara tsakanin gini da bakin kowane kogi, amma takarda ba ta tare siminti.

Abin da ya rage

A 2019 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don wani shiri da ake kira GARID, wanda ya mayar da hankali kan kwarin Odaw, aka ƙara miliyan 150 a 2023. Abin yabawa a tsarinsa shi ne ya dubi kogin daga sama har ƙasa: tafkunan riƙe ruwa a saman kwarin wajen harabar Hukumar Makamashin Nukiliya, yasa da ake biya gwargwadon sakamako, faɗaɗa gadoji, na'urorin gargaɗi kafin ambaliya, da gyaran unguwanni irin su Nima da Alogboshie da Akweteyman a inda suke. Sai dai an karkatar da wani kaso na kuɗin zuwa yaƙi da cutar korona, ayyuka sun yi ta jan ƙafa, filayen da za a riƙe ruwa a cikinsu kuma masu gini ba jira suke ba. A 2022 an kafa Hukumar Kula da Magudanan Ruwa ta ƙasa da doka. Ko za ta iya hana mai kuɗi gini a inda ƙaramar hukuma ta ba shi izini, wannan shi ne ma'aunin amfaninta.

Ba za a iya mayar da Odaw yadda yake a 1950 ba, kuma ba za a iya kwashe miliyoyin mutane daga kwarinsa ba. Abin da za a iya shi ne a rage wa ruwan gudu tun daga tudu. A tsare sauran filayen da ba a gina ba a saman kwarin, ko da sayensu za a yi. A sa wa izinin gini sharaɗin barin wani sashe na fili ba daɓe, da tanadin tankin tara ruwan rufi. A yi wa titunan gangare magudanai da ramukan tare yashi. A sanya kuɗin yasa cikin kasafin kowace shekara. Waɗanda dole sai sun tashi daga bakin ruwa a zauna da su a nuna musu wurin komawa kafin a kawo motar rusau, kuma doka ta hau kan mai bene kamar yadda take hawa kan mai ɗakin katako.

Mu ma mutanen zango akwai namu rabon. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa a Nima da Maamobi da Sabon Zango suna da bakin da ake ji. Su yi amfani da shi gida biyu: su hana zuba shara a kwata, su kuma tsaya kai da fata wajen neman haƙƙin unguwanninsu na motar shara da magudana da makewayi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin hana ambaliyar Yuni a watan Janairu ake yin sa, kuma daga gindin tsaunin Akwapim ake fara shi, ba daga gadar Circle ba.